Kwaɗon da babu mai buɗe shi: kulle kwafin ajiyar bayanai don cika sharaɗin doka

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Ku ɗauka mai binciken hukuma ya shigo bankinku, ya ce a kawo masa bayanan wani ciniki na shekara huɗu baya. An lalubo, an miƙa masa. Sai ya ce: to, me zai tabbatar min ba jiya da daddare aka gyara wannan ba? Nan ne ake yin tsuru-tsuru. Kwafin da admin zai iya gogewa ko ya sauya, ba hujja ba ce a gaban hukuma. Kuma duk abin da admin zai iya gogewa, ɓarawon da ya sace kalmar sirrinsa ma zai iya. Masu garkuwa da bayanai don kuɗin fansa, kwafin ajiya suke fara nema su lalata kafin su taɓa sabar da ake aiki da ita.

Maganin shi ne ajiyar da ake kira WORM: a rubuta sau ɗaya, a yi ta karantawa, amma babu gogewa babu gyara sai wa'adi ya cika. A Amurka aka fi tsananta wannan. Tun 1997 hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari, ta yarda dillalai su ajiye bayanansu a na'ura ƙarƙashin ƙa'ida mai lamba 17a-4, da sharaɗin na'urar ba ta yarda a goge ko a rubuta wani abu a kai. Wasu takardun shekara 3, wasu shekara 6. A Disambar 2016 FINRA, ƙungiyar da ke sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka, ta ci tarar kamfanoni 12 jimillar dala miliyan 14.4 saboda saɓa wannan sharaɗi. A 2022 SEC ta ƙara wata hanya, wato tsarin da ke rubuta tarihin duk wani gyara har a iya dawo da asalin takardar, amma hanyar kullewa tana nan daram. A Najeriya kuma, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa bankuna da makamantansu ajiye bayanan ciniki da na abokan hulɗa aƙalla shekara 5.

Bari mu ɗauki S3 Object Lock, kwaɗon ma'ajiyar intanet ta Amazon, mu bi shi daki-daki, tunda yawancin manhajojin kwafin ajiya sun san yarensa. Azure da Google Cloud suna da irinsa.

Da farko ka buɗe sabon bokiti, wato ma'ajin da ake zuba fayiloli a S3, kuma a wani asusu daban, ba wanda ma'aikata ke shiga kullum ba. Ka kunna adana zubi-zubi, wato riƙe kowane kwafin fayil da aka turo daban, domin kwaɗon ba a kan sunan fayil yake hawa ba, a kan kowane zubi yake. Idan an sake turo fayil mai suna iri ɗaya, sabon zubi ne ya sauka, tsohon yana ƙasa ba abin da ya same shi. Idan wani ya danna gogewa, alamar gogewa kawai ake ɗorawa a sama. Fayil ya ɓace wa ido, amma yana nan. Mutane da yawa sun sha tayar da hankalinsu a nan a banza. Ka ce a nuna maka jerin zubi, za ka gan shi.

Sai zaɓin irin kwaɗo, kuma a nan ake tafka kuskure mai tsada. Iri biyu ne. Na farko, Governance, yana hana kowa gogewa sai wanda aka ba izini na musamman na tsallake wa'adi. Wato akwai mabuɗi a aljihun wani. Na biyu, Compliance, ba shi da mabuɗi kwata-kwata. Mai asusun kansa ba zai goge ba, ba zai rage wa'adi ko da kwana ɗaya ba, ƙari kawai zai iya. Wannan na biyun shi ne ke cika sharaɗin hana gogewa irin na 17a-4. Amma kada ka fara da shi. Ka gwada da Governance, wa'adin kwana ɗaya ko biyu, ka tura, ka yi ƙoƙarin gogewa da asusun admin ka ga ya ƙi, ka dawo da bayanan ka ga sun buɗe. Sai komai ya zauna ka koma Compliance. Wanda ya so rubuta kwana 30 hannunsa ya zame ya zaɓi shekara 30, to ya ɗaura aure da wannan kuɗin ajiya, babu saki.

Ku lura da abu biyu wajen sa wa'adi. Wa'adin da ka sa wa bokiti yana hawa kan abin da ya shigo daga yanzu ne kawai. Fayilolin da ke ciki tun da, sai ka bi su ka ɗora musu nasu. Sannan idan da kwanaki kake lissafi, shekara 5 ba kwana 1,825 ba ce, akwai Fabrairu mai kwana 29 sau ɗaya ko sau biyu a ciki. Ka ƙara wata guda a kai ka huta.

Yanzu ga inda aikin yake da gaske: daga yaushe ake fara ƙirga? Na'ura daga ranar da fayil ya sauka take ƙirga. Doka ba haka take ƙirga ba. Bayanin ciniki, daga ranar da aka kammala cinikin. Amma takardun shaidar abokin hulɗa, katinsa da hotonsa da adireshinsa, ana fara ƙirga musu ne daga ranar da hulɗa ta ƙare. Mutum ya buɗe asusu a 2020, ya rufe a 2030, takardunsa sai 2035. Idan ka kulle su shekara 5 daga ranar buɗewa, kwaɗon ya faɗi tun 2025, mutumin ma yana nan yana cire kuɗi a POS. Dabarar ita ce a ɗora wa irin waɗannan riƙon shari'a, wani kwaɗo ne marar ranar ƙarewa, sai an cire shi da hannu. Ranar da aka rufe asusun, a sa wa'adin shekara 5 tukuna, sannan a cire riƙon. A bi wannan jeri, kada a juya shi, don kada a bar fayil ko minti ɗaya babu kwaɗo.

Kada kuma a haɗa kwafin yau da kullum da taskar doka a bokiti ɗaya. Kwafin kullum don farfaɗowa ne idan sabar ta mutu ko an yi kutse, kulle shi kwana 14 zuwa 30 ya wadatar. Ga lissafi: rumbun bayanai mai gigabait 500, cikakken kwafi duk mako, a kulle kowanne shekara 5, kwafi 260 ke nan, terabait 130. A mai da shi duk wata, kwafi 60, terabait 30. Sai dai kwafin wata-wata ba zai kama abin da aka rubuta aka goge a tsakiyar wata ba, shi ya sa bayanan da doka ta ambata ake fitar da su daban, kullum, a siga mai sauƙin karantawa kamar CSV ko PDF. Ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 da ta hana riƙe bayanan mutane fiye da buƙata. Ka kulle komai da komai, gobe wani ya nemi a goge abin da doka ba ta ce ka riƙe ba, hannunka a ɗaure.

Masu yin kwafin ƙari-ƙari, wato kwafin abin da ya sauya kawai, ku kula da sarƙa. Kwafin ranar Alhamis ba ya tsayawa da ƙafarsa, ya jingina ne da cikakken kwafin ranar Lahadi. Idan wa'adin na Lahadi ya riga ƙarewa aka share shi, na Alhamis yana nan a kulle amma fanko ne.

Kwaɗon kuma bai san abin da ke kewaye da shi ba. Idan an sirranta bayanan da mabuɗin KMS, wato ma'ajiyar mabuɗan sirri ta Amazon, wani ya sa a goge mabuɗin, bayan jiran kwana 7 zuwa 30 shi ke nan: fayiloli suna nan cif, babu mai iya karanta ko harafi. Don haka a hana izinin goge mabuɗi, a sa ƙararrawa a kansa. Asusun ma idan aka rufe shi, ko aka daina biyan kuɗi har aka rufe, bayanan sun tafi da kwaɗonsu. Idan katin da ake biya da shi ya daina aiki da dala, wannan ba ƙaramar barazana ba ce.

Wanda ya fi son ajiya a gida, akwai sabar Linux da ake ɗaure fayil da umarnin chattr +i, irin wadda manhajar kwafin ajiya ta Veeam ke amfani da ita. Rauninta biyu: mai ikon root, wato cikakken iko a kan sabar, zai iya kwance ɗaurin, kuma wanda ya tura agogon sabar gaba zai sa wa'adi ya cika yau. A kashe SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, a cire ta daga tsarin shiga na ofis, a kulle ɗakin. Akwai kuma kaset ɗin ajiyar bayanai na LTO samfurin WORM; LTO-9 yana cin terabait 18, ba ya shan wuta idan yana ajiye, amma na'urar LTO-9 tsara ɗaya kawai take karantawa baya, wato LTO-8. Zafi da ƙurar hunturu ma ba sa raga masa.

Duk wata uku a zaɓi fayil daga tsofaffin, a dawo da shi a wata kwamfuta daban, a gwada lambar SHA-256 ɗinsa, wato lambar da ke sauyawa idan an taɓa fayil, da wadda aka rubuta ranar ajiya. A rubuta rana, da sunan wanda ya yi, da sakamako, a jefa takardar ita ma cikin bokitin da ke kulle.