Lacca: Maganin Damuwar Mai Ciki da Mai Jego Ta Hanyar Tattaunawa

Assalamu alaikum. Ungozomomi da ma'aikatan awo, kun san irin matar nan: ta sauka lafiya, jariri lafiya, amma abinci ya fita ranta, barci ya ƙaurace mata ko da yaron ya yi barci, ga kuka ba dalili. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan mace 1 cikin 5 a ƙasashe masu tasowa kan shiga irin wannan hali bayan haihuwa, wasu ma tun suna da ciki.

Kukan da ke zuwa kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa yakan wuce kafin mako 2. In ya zarce, a yi zargin ciwon damuwa. In kuwa tana jin muryoyi, tana sambatu, ko tana zancen kashe kanta ko cutar da jaririn, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai. Ma'aunin Edinburgh na 1987 yana taimakawa: tambayoyi 10 ne, maki 30, wadda ta kai 13 tana bukatar a bincika ta sosai. A auna jininta ma, domin ƙarancin jini na kawo kasala mai kama da damuwa.

To, maganin fa? Akwai tsarin tattaunawa mai suna Thinking Healthy, wato tunani mai kyau, wanda Farfesa Atif Rahman ya gwada a karkarar Rawalpindi ta Pakistan da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye, Hukumar ta fitar da littafinsa a 2015. Zama 16 ne, daga ƙarshen goyon ciki har jariri ya kai wata 10.

Ga yadda zaman yake. Ta ce miki, "Ni ba uwar kirki ba ce, nonona ba ya isarsa." Kada ki yi saurin cewa "ki yi haƙuri, ki gode Allah". Daga nan take yin shiru, domin ta ji kamar an ce mata mai butulci. Ki tambaye ta: me ya nuna haka? Ku duba katin awon yaron tare. Nauyinsa na ƙaruwa? Yana jiƙa zani aƙalla sau 6 a rana? Ki bar ta ta faɗi sabon tunanin da bakinta: "Na gaji ne, amma yarona na ƙoshi." Sannan ku yanke ƙaramin aiki guda na mako: hutun rabin awa bayan azahar, da sunan wadda za ta riƙe mata yaron. Zama na gaba da wannan aikin za ki fara.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a yi zaman gaban uwar miji ko kishiya, ko a ɗora mata aiki biyar lokaci guda, ta kasa, ta ƙara zargin kanta. Ku gan ta a keɓe tukuna, sannan a jawo maigidan da izininta. A kula musamman bayan arba'in, lokacin da masu taya ta wankan jego suka watse. In an yi makonni ba sauƙi, a tura ta ga likita. Akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha.