Na Je Titin Da Aka Ce Yana Shan Hayaƙi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Mutanen Kaduna garin gwamna, ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, iskar Holan ce, ita ba ta da ranar hutu.

Yau na baro Enschede inda nake zaune, na hau jirgin ƙasa zuwa Hengelo. Tafiyar ba ta kai ta Kawo zuwa Kasuwa ba in an samu cunkoso. Kawuna ne ya taso ni. Sana'arsa buga intalok da shimfiɗa shi a Tudun Wada, shekaranjiya ya turo min saƙon murya yana cewa, "Kai ɗan nan, wai da gaske ne Turawanku sun yi bulo mai shan hayaƙi? Je ka gano min." Na ce, "An gama, Kawu."

To Kawu, ga ni a wurin. Sunan titin Castorweg. Bari in juya muku kyamara. Kun gani, unguwa ce kurum, gidaje, kekuna, motoci jefi-jefi. Da ba a faɗa min ba sai in wuce ban waiga ba. A nan ne aka shimfiɗa wa wani sashe bulon kankare wanda aka sa wa samansa wata farar hoda, aka bar wani sashen da bulon da kowa ya sani, sannan aka yi watanni ana auna iskar ɓangarorin biyu.

Hodar sunanta taitaniyam dayokzaid. Sunan ne kawai mai nauyi, amma ba baƙuwa ba ce: ita ke sa farin fenti ya yi fari fat, tana kuma cikin wasu man goge baki. A 1972 wasu masana biyu a Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka wallafa cewa idan hasken UV, wannan ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, ya sauka a kanta, tana iya farfasa ruwa ya rabu zuwa iskoki biyun da suka haɗu suka yi shi. Daga nan aka kama bakin zaren.

A kan titi ga yadda take yi. Salansar mota, musamman mai shan dizal, tana fitar da wata iska da ake kira naitirojin okzaid. Ita ce ɗaya daga cikin masu tayar da asma da ƙaiƙayin maƙogwaro. Idan rana ta bugi hodar, sai ta kama wannan iskar da ta taɓa ta, ta mai da ita naitiret, wani gishiri dangin wanda ke cikin takin zamani. Gishirin ya kwanta a kan bulo, ruwan sama ya zo ya wanke shi zuwa kwata. Ita hodar ba ta ƙonewa, ba ta ƙarewa. Kamar dillali ne da ke haɗa ciniki kullum amma ba ya karɓar la'ada.

A 2013 masu bincike na jami'ar fasaha ta Eindhoven suka fitar da sakamakon wannan titi. A tsawon yini, gurɓatacciyar iskar ta ragu da kashi 19 cikin ɗari. In da rana tsaka zuwa yamma kawai aka ƙirga, kashi 28. A ranar da komai ya yi daidai, wato rana ta take kuma iska a bushe, ya kai kashi 45. Jaridu kuwa kun san halinsu, 45 ɗin suka ɗauka suka yi ta yayatawa.

Wallahi da na karanta "rana mai ƙarfi, iska a bushe" sai da na yi dariya ni kaɗai. Mutanen nan roƙon rana suke yi, mu kuwa a watan Maris a Ahmadu Bello Way neman inuwa muke. Na ce ai mu aka yi wa wannan bulo.

Sai na tuna da hunturu.

Ka wanke mota da safe a Unguwar Rimi, kafin azahar yaro ya rubuta sunansa da yatsa a jikin gilashi. Wannan ƙurar ce za ta kwanta a kan bulon. Hodar kuwa sai haske ya taɓa ta take aiki, an rufe mata fuska shi ke nan, ta zama bulon Kawu na yau da kullum, sai dai tsada. Ba hasashena ba ne. A Brussels ta ƙasar Beljiyam an shafa irin wannan siminti a bangon wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa, har fitilun UV aka kafa, amma ba a ga raguwar a zo a gani ba, kuma datti da baƙin hayaƙin da suka lulluɓe bangon na cikin dalilan.

Ga inda gizo ke saƙar a wurinmu. Bulon nan abu biyu yake so: rana da bushewar iska don ya yi aiki, ruwa don ya yi wanka. Mu kuma daga Nuwamba har wajen Maris akwai rana, babu ruwa. A Agusta akwai ruwa, amma ga hadari ga laima a iska, laimar kuma tana rage masa ƙarfi. Sai dai ɗan tsakanin nan na farkon damina, Afirilu zuwa Mayu, da ake samun biyun tare. Ƙara da jar ƙasar da tayoyi ke kwasowa daga lungunan Rigasa da ba su ga kwalta ba.

Kuma kada mu ruɗi kanmu, bulon ba ya cin ƙura. Baƙin toka da tirela ke feso wa mai keke a baifas, ko hayaƙin janareta da ke turnuƙe bayan shago, waɗannan ba su ne aka auna a titin nan ba. Iskar da ta sauko ta shafi fuskarsa kaɗai yake kamawa.

Da za a tambaye ni, ba zan ce a yi watsi da shi ba. A samu guntun wuri, kamar bakin tasha inda Keke Napep ke layi inji a kunne, a shimfiɗa, a riƙa wanke rabi ana barin rabi, ɗaliban Kaduna Poly ko na Zariya su auna hunturu ɗaya da damina ɗaya. Lambar da ta fito daga nan ita ce tamu, ba ta Hengelo ba.

Saboda haka Kawu, kada ka canza kwaɓinka tukuna. Ga yayyafi ya soma, lema kuma na baro ta a ɗaki. Bari in ruga tasha, in na isa gida zan kira ka.