Sarƙar sukarin da ke jikin furotin na jini

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, ɗalibai, da ƴan uwa da suka zo daga cikin gari, sannunku da zuwa.

To, in aka ce suga a jini hankalin kowa ciwon suga yake tafiya. Ba shi nake nufi ba. Wanda za mu tattauna yau sukari ne da jiki da kansa yake ɗaurawa a jikin furotin, ɗaya bayan ɗaya har ya zama sarƙa mai rassa, kuma yawancin furotin da ke yawo a ruwan jininmu suna ɗauke da ita, albumin ne fitacce da ba shi da ita.

Mene ne amfaninta? Shaida ce. Kamar yadda a da kana ganin tsaga a fuskar mutum ka san Bagobiri ne ko Bakabe, haka garkuwar jiki take duba wannan sarƙa ta gane wane ne ɗan gida wane ne baƙo.

Mu ɗauki rukunin jini, tunda kowa ya san shi. Karl Landsteiner ne ya gano shi a Biyena a 1901, an ba shi kyautar Nobel a 1930, amma sai daga baya aka fahimci cewa bambancin A da B da O duk sukari ne. Akwai tushe da muke da shi kusan dukkanmu a jikin jajayen ƙwayoyin jini, ana ce masa H, yana da wani sukari fukos. Mai B an ƙara masa wani sukari galaktos a kai, mai A an ƙara masa wani ɗan uwan galaktos ɗin, mai O kuwa ba a ƙara komai ba. Shi ke nan fa! Ƙwayar sukari guda. Amma ka sa wa mai O jinin A, garkuwarsa za ta far wa jinin nan ta farfasa shi, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta tsaya, mutum yana iya rasuwa. Shi ya sa nake roƙonku don Allah, in kun kai mara lafiya asibiti aka ce sai an ƙara jini, ku bar ma'aikacin lab ya gama haɗa jinin ya duba, kar a tsaya masa a ka ana cewa ai wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Wa da ƙane suna iya bambanta. A Bombay ma a 1952 an samu mutanen da ko H ɗin ba su da shi, gwaji zai nuna kamar O ne alhali jinin O ma ba ya karɓarsu.

Kuma wannan daban yake da jinotayif, AA da AS da SS, wancan maganar haimogulobin ce, furotin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mutane suna yawan haɗa su.

Abin da ya fi shafarmu a nan Sakkwato, zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar jinin da cutar ta shiga takan manne da lafiyayyu su dunƙule su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma ta fi samun wurin kamawa a sukarin A da B. Saboda haka masu O ba su cika faɗawa mai tsananin ba, ba wai ba sa kamuwa ba, kar wani ya je ya cire gidan sauro. Sai dai a kwalara su ne ta fi yi wa tsanani.

Sannan akwai wani sukari, sayalik asid, wanda ke zama a ƙarshen sarƙar. Muddin yana nan furotin zai ci gaba da yawo a jini, da ya gutsure galaktos ɗin da ke ƙasansa ya bayyana, sai hanta ta kama furotin ɗin ta cire shi. Allurar EPO da ake yi wa masu ciwon ƙoda don jininsu ya ƙaru, wajen kashi 40 cikin 100 na nauyinta sukari ne, in babu shi ba za ta daɗe a jiki ba balle ta yi aiki.

An kusa kiran la'asar, bari mu karɓi tambayoyi biyu ko uku.