Yadda kuɗin tallafin gwamnati ke isa hannun manomi a gundumomin karkarar Amurka

A kusan kowace gundumar noma a Amurka akwai ofishin hukumar FSA, reshen Ma'aikatar Aikin Gona. Nan ne manomi ke zuwa da takardunsa, kuma nan ake buɗe masa fayil mai lambar gonarsa.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, manyan shirye-shiryen tallafin guda biyu, PLC da ARC, ba sa duba abin da manomi ya shuka bana. Tarihin gonar suke bi. Kowace gona tana da ekokin da aka rubuta mata tun shekarun baya na masara, alkama ko waken soya, da kuma yawan amfanin da aka ƙiyasta kowace eka na bayarwa. Da waɗannan ake lissafi, ko da manomin ya canza shuka. An yi haka ne don kada tallafi ya riƙa zaɓar wa manomi abin da zai shuka.

PLC kariya ce daga faɗuwar farashi. Ana biya ne idan matsakaicin farashin ƙasa ya faɗi ƙasa da wani farashi da doka ta tsayar, wato farashin dogaro. Wata doka da aka yi a 2025 ta ɗaga farashin dogaro na masara daga dala 3.70 zuwa 4.10 kan kowane bushel, wato kimanin kilo 25. Mu ƙaddara gona mai eka 200 a rubuce, kowace eka bushel 150, sai matsakaicin farashin ƙasa ya gaza na dogaro da santi 20. Ba dukan ekokin ake biya ba, kashi 85 cikin ɗari ne, wato eka 170. A ninka 170 da 150, a ninka da santi 20: dala 5,100.

Shi kuwa ARC na gunduma, kuɗin shigar gundumar gaba ɗaya yake dubawa. Ana ɗaukar shekaru biyar, a jefar da mafi kyau da mafi muni, a fitar da matsakaicin ukun da suka rage; idan kuɗin shigar gundumar na shekarar ya faɗi ƙasa da wani kaso na wannan ma'auni, sai a biya. A nan ne ciwon yake. Ƙanƙara na iya kwantar da gonar mutum ɗaya ƙaf, amma idan sauran gundumar ta yi albarka, ko kwabo ba zai samu ba. Irin wannan asara sai inshorar amfanin gona.

A wajen takardu ma kuɗi na iya suɓucewa. Rahoton ekokin da aka shuka, fom FSA-578, a galibin wurare 15 ga Yuli ne wa'adinsa, kuma wanda ya makara sai ya biya kuɗin latti. Duk mai kaso a amfanin gonar dole ya sa hannu a yarjejeniya. Mai gonar da ya ba da haya a kan tsayayyen kuɗi ba shi da rabo, domin bai ɗauki kasadar noman ba. Wanda ya janye ruwan fadama don ya faɗaɗa gona na iya rasa cancantarsa baki ɗaya. Akwai kuma iyaka: dokar 2025 ta sa dala 155,000 ga mutum ɗaya a shekara, adadin da ake daidaitawa da hauhawar farashi kowace shekara.

Sannan kuɗin ba sa zuwa da wuri. Shekarar cinikin masara tana ƙarewa 31 ga Agusta, sai an tattara farashinta kafin a biya daga Oktoba. Masarar da aka girbe a kakar 2025, tallafinta sai Oktoban 2026, alhali bankin da ya ba da rancen iri da taki ya daɗe da neman kuɗinsa.