Daga situdiyo zuwa shafin littafi

Masu kallo, furodusan waƙa a Tudun Wada ko Kawo a nan Kaduna kan gama waƙar minti 5 a wuni guda: ya ɗora kiɗa a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ya ɗauki murya, ya sa amshi, ya yi miksin, wato daidaita murya da kiɗa. To, ran da ya ce zai rubuta littafin labari fa?

Kunnensa shi ne jarinsa. Wanda ya saba jin inda baiti ya karye, zai ji inda jimla ta yi tsawo. Shi ya sa dabarar da ta fi yi masa aiki ita ce ya karanta kowane babi da ƙarfi, ya naɗa a waya, ya saurara washegari. Duk wurin da numfashinsa ya yanke, nan ake sa aya ko a rage kalma.

Amma amshi, wanda shi ke riƙe waƙa, shi ke kashe labari. A waƙa ana maimaita shi sau huɗu, mai sauraro yana lumshe ido. A littafi kuwa, in tauraruwa ta yi kuka iri ɗaya a babi uku a jere, mai karatu zai ajiye. Haka ma kirari. Mawaƙi ya saba wasa gwani, sai ya zana tauraro marar aibi, alhali labari ba ya tafiya sai da mai rauni da mai kuskure. Dole kowane babi ya canza wani abu: wani ya rasa, wani ya gano sirri.

Sai lissafi. Kalma 500 kullum, cikin kwana 80 an samu 40,000. Wannan zubin farko ne kawai, kamar muryar da ba a tace ba. A ba edita ya duba jigo da ƙa'idar rubutu, musamman ƙ, ɗ da ɓ, domin in ƙugiya ta faɗi, ɓata ya koma bata.

Lambar ISBN kuma, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake nemanta, kafin a je maɗaba'a.

Hanyar nan ba baƙuwa ba ce, gaba da baya ake binta. Aminu Ala da rubutun littattafai ya fara kafin waƙa ta fito da shi. Mai son haɗuwa da marubuta kuwa, ga ƙungiyar marubuta ta Nijeriya, wato ANA, ga kuma bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a nan Kaduna a 2017.