Halayen Masu Nutso Cikin Teku da Numfashi Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayenmu da ke zaune a gaba, ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka.

Maganarmu ta yau a kan wasu mutane ce da ke shaƙar iska sau ɗaya, su kifa kai cikin teku, su bi igiya su yi ƙasa, babu tulun iska a bayansu. Wasunsu har mita 100 suke kaiwa, su zarce. Duk wanda na ba wa labarinsu, abin da yake fara cewa shi ne, ai waɗannan 'yan ganganci ne, masu sayar da rai. Ni ban yarda da wannan ba, kuma hujjata tana cikin jikin ɗan Adam.

Iskar oksijin da mai nutso ya tafi da ita, ita ce guzurinsa gaba ɗaya. In ya firgita, ko zumuɗi ya kama shi, zuciya ta hau dukan uku-uku, tsokoki su ɗaure, nan da nan guzurin ya ƙone. Allah ya halicci jikinmu ta yadda da zarar fuska ta shiga ruwa an riƙe numfashi, bugun zuciya zai ragu, jini ya janye daga hannuwa da ƙafafu ya koma wa ƙwaƙwalwa da ƙirji. Mai tashin hankali yaƙi yake yi da wannan baiwa. Shi ya sa mai neman abin da zai tsinka masa zuciya ba ya daɗewa a wannan harka. Waɗanda suka daɗe kuma, halinsu ba ɗaya ba ne.

Mu fara da mutum biyu da suka shafe shekaru suna ƙwace kambu a hannun juna. Enzo Maiorca ɗan tsibirin Sisili ne a Italiya, shi ya kai mita 50 a 1961, lokacin da likitoci ke gargaɗin cewa matsin ruwa zai murƙushe ƙirjin mutum a wannan zurfin. Mutum ne mai zafin zuciya. A 1974, ana nuna shi kai tsaye a talabijin a gaɓar Sorrento, yana cikin gangarawa sai ya yi karo da wani mai nutso da ya tare masa hanya. Ya taso a fusace ya zazzaga ashar, duk Italiya tana ji. Abokin hamayyarsa Jacques Mayol, Bafaranshe haifaffen Shanghai, shi kuma mai sanyi ne. Motsa jiki na yoga yake yi, yana zura wa kifin dolfin ido yana koyon yadda yake tafiyar da numfashinsa. Shi ya fara taɓa mita 100, a 1976, kusa da tsibirin Elba, ya ƙara zuwa 105 a 1983 yana da shekara 56. Maiorca bai haƙura ba sai da ya kai 101 a 1988. To kun ga, hali zanen dutse. Amma ku lura da wani abu: zafin Maiorca a bakin ruwa yake tsayawa. Da ya tafi da shi ƙasa, da bai kai ko'ina ba. Mai son gasa yana da gurbi a nan, muddin ya iya ajiye fushinsa a cikin kwalekwale.

Akwai masu zuwa don neman shiru, kuma a ganina su suka fi yawa. In mutum ya wuce wani zurfi, huhunsa ya matse, ruwa ya daina tura shi sama, sai ya daina motsa ƙafa, ya saki jiki, yana gangarawa da kansa. Babu waya, babu mai kiransa. Natalia Molchanova 'yar Rasha ita ce uwar wannan rukuni. Tana da shekara 40 ta fara, bayan ta haifi 'ya'yanta, ta kafa tarihin duniya sau 41. A 2013 ta riƙe numfashi minti 9 da daƙiƙa 2. Abin da take koya wa ɗalibanta shi ne kada su ƙura wa abu ɗaya hankali, su baza shi ko'ina, domin tunanin da ya maƙale a wuri ɗaya shi ke haifar da tsoro. Waƙoƙi ma take rubutawa a kan teku. A watan Agusta na 2015 ta shiga ruwa kusa da tsibirin Formentera a Sifaniya, nutso na nishaɗi wanda bai kai rabin abin da ta saba ba, ba ta sake fitowa ba. Har yau ba a ga gawarta ba. Natsuwa babbar kariya ce, amma ba ta hana igiyar ruwa ɗaukar mutum.

Sai masu lissafi, irin su Herbert Nitsch na Ostiriya, matuƙin jirgin sama, wanda ke auna komai kafin ya jiƙa ƙafa. Ya kai mita 214 a Girka a 2007. Da ya je 253 a 2012, ya fito da mummunar lalura a ƙwaƙwalwa, ya daɗe yana jinya, daga baya ya koma ruwa.

Wanda na fi so ku riƙe, musamman ku samari, shi ne mai gaggawa. Nicholas Mevoli Ba'amurke ne mai hazaƙa. A 2012 ya fara shiga gasa, a 2013 ya zama ɗan ƙasarsu na farko da ya kai mita 100 da takalmin ninƙaya. Abin da ke ɗaukar wasu shekaru da yawa, shi a shekara ɗaya da 'yan watanni ya cim masa. Matsalar ita ce, zuciya tana riga huhu shiryawa. Kowace mita 10 nauyin da ke kan mutum ƙaruwa yake yi. A mita 10 na farko kaɗai iskar huhu ta koma rabin girmanta. Ƙirji yana buƙatar lokaci kafin ya saba da wannan matsi, in ba haka ba jijiyoyin huhu su fashe. A watan Nuwamba na 2013, a Dean's Blue Hole, wani rami mai zurfi a cikin teku a Bahamas, ya sanar a gasa cewa zai kai mita 72 babu takalmin ninƙaya. Ya kusa kaiwa sai ya tsaya, kamar zai juyo, sannan ya sake kifa kai ya ci gaba. Ya kai, ya taso da kansa, ya suma, bai farfaɗo ba. Shekararsa 32. Wallahi duk sanda na zo wajen tsayawar nan tasa, raina sosuwa yake yi. Jikinsa ya faɗa masa gaskiya. A wurin masu wannan harka, juyowa kafin a kai ƙarshen igiya ba abin kunya ba ne, manyansu ma suna yi.

Kada mu manta da waɗanda nutso abincinsu ne. A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu mata ne ke yi, ana kiransu haenyeo, da yawansu sun haura shekara 60, suna tsinto dodon koɗi da ciyawar teku. In sun taso sukan fitar da numfashi da wani irin fito, wanda ke sanar da 'yar'uwa cewa wance ta fito lafiya. Sun kasa kansu daraja uku bisa ƙwarewa, kuma ba sa shiga ruwa ɗaiɗai. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya al'adarsu cikin kayan gadon duniya a 2016. Ba ruwansu da kambu, burinsu kowa ta koma gida.

Wannan ya kawo ni ga mutumin da ba a cika ambatonsa ba, mai gadin rai. Shi ke nutsawa ya tari ɗan gasa a hanyar dawowa, ya rako shi fuska da fuska yana kallon idanunsa, domin suma ta fi kama mutum a mitocin ƙarshe, dab da saman ruwa. Ba a rubuta sunansa a allon sakamako. Stephen Keenan ɗan Ireland irinsu ne. A 2017, a garin Dahab na Masar, bakin Bahar Maliya, Alessia Zecchini 'yar Italiya ta ratsa wani kogo a ƙarƙashin ruwa, ta fito ta kauce wa igiya. Ya bi ta, ya kai ta sama. Ita ta rayu, shi ya rasu. In kuka tambaye ni wa na fi girmamawa cikin duk waɗanda na lissafa, shi ne.

Iyaye, wannan ɓangaren ya shafe mu. Yaranmu suna gasar riƙe numfashi a kududdufi da rafi, wasu har sai sun yi ta shaƙa da fesarwa da sauri kafin su nutsa. Wannan dabara ba ta ƙara oksijin na a zo a gani, kashe ƙararrawar jiki da ke sanar da mutum yana buƙatar numfashi take yi, yaro ya suma a ƙasa bai ji alamar komai ba. Ku hana su. In kuma za a yi nutso, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama yana kallo, kuma ya ci gaba da kallonsa ko bayan ya fito, har numfashinsa ya daidaita.

A nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.