Me ya sa mai jirgin ruwa ba ya toshe kafar iska ko da ƙanƙara ta kama ruwa?

Hotunan wani dogon jirgin ruwa a ɗaure cikin sanyi sun bazu, kuma jirgin gidan mutum ne. Faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, tsawon irinsa yakan kai ƙafa 70. Yana kan ɗaya daga cikin hanyoyin ruwan da aka haƙa a Ingila, waɗanda hukumar Canal & River Trust ke kula da su tun 2012. A ƙa'ida, wanda ba shi da matsaya ta dindindin sai ya gusa duk bayan kwana 14, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana iya biyan kuɗi ya zauna wuri guda.

Tambayar da ta fi yawo tun da hotunan nan suka bazu ita ce: ana wannan sanyi, don me aka bar ramuka a rufi da ƙofa? A cusa tsumma mana!

Kada a cusa. Ku dubi tagar irin wannan jirgi da asuba, ruwa ne ke tsiyaya a jikin gilashi, kuma daga ciki ya fito. Numfashin masu barci, tururin tukunya, wankin da aka shanya kusa da murhu, ga kuma gas: duk kilo ɗaya da aka ƙona yana sakin fiye da lita ɗaya da rabi na ruwa a iska. Jikin jirgin ƙarfe ne, yana zaune cikin ruwan sanyi. Da zarar iska mai ɗumi ta taɓa shi, sai ta zama raɓa. Ɗaga katifar da ke cikin jirgin ku gani. Fumfuna ce, shi ya sa ake huda katakon gado, ana jingine katifa da rana ta sha iska.

Kafofin biyu ne, kuma tare suke aiki. Na ƙasan ƙofa suna shigo da sabuwar iska, na kan rufi masu hula kuma suna fitar da mai danshi. Ka toshe ɗaya, ka kashe aikin ɗayan.

Danshi ma shi ne mai sauƙi. Murhun kwal yana cin iskar ɗaki, in ta yi ƙaranci sai ya fara fitar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ko launi. Ita ce dai mai kashe mutane a gida idan aka kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Tun Afrilun 2019 dole ne jirage irin wannan su sa na'urar da ke ƙara idan gubar ta taru. Ni a ganina ɗaya ta yi kaɗan, a ƙara wata kusa da gado. Toka kuma, a zuba a bokitin ƙarfe mai murfi, a fitar da shi bakin gaɓa, domin garwashin da ke ciki yana ci gaba da fitar da gubar ko ba a ga ja ba. A riƙa share bututun hayaƙi, a guji ɗanyen itace, shi ke liƙe shi da kwalta.

Sauran aikin yini kuwa ga shi. A cika tankin ruwa kafin famfon gaɓa ya daskare. Sola ba ta kawo abin kirki a Disamba, sai a tada inji a caja batir, amma ba daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe ba, maƙwabta na barci. Jirgin masu sayar da kwal da gas in ya biyo, a saya da yawa. Igiya a bar mata ɗan sassauci, ruwa yana hawa yana sauka. In ƙanƙara ta kama, a zauna, tuƙi a cikinta yana kankare baƙin fentin da ke kare ƙarfen daga tsatsa.